Yadda Ake Buɗe CDK2 a Kwamfuta a Ga Abin da Ke Kunna Rabuwar Ƙwayar Halitta

Duk ɗalibin da ya zauna ajin kimiyyar sinadaran jiki ya san jadawalin nan na zangunan da ƙwayar halitta ke bi wajen rabuwa, da furotin ɗin da ke tuƙa kowanne: saikilin D da CDK4 ko CDK6 a zangon G1, saikilin E da CDK2 a bakin zangon S, saikilin A da CDK2 a cikin S ɗin, sannan saikilin B da CDK1 a ƙofar zangon M, inda ƙwaya ɗaya ke zama biyu. Ana haddace shi daren jarrabawa, a juye shi a takarda, bayan mako biyu ya bi iska. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, waɗannan inzayim ɗin suna da siffa, an auna inda kowane atam ɗinsu yake, an ajiye ma'aunin kyauta a intanet, amma da yawa daga cikin ɗalibanmu suna gama digiri ba su taɓa juya ko guda ɗaya a allo ba. Wanda kuwa ya ga yadda gaɓoɓi biyu kacal ke motsi a jikin CDK2, ba ya bukatar hadda kuma, domin kunnawa da kashewa da maganin da likita ke bayarwa duk a kan gaɓoɓin nan biyu da wani aljihu guda suke tafiya.

Ga yadda za ka gani da idonka.

Mataki na 1: Ka san wanda za ka je gani

CDK inzayim ne daga dangin kaines, wato masu ciro fosfet na ƙarshe daga jikin ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi a cikin ƙwaya, su liƙa shi a kan wani furotin. Wannan ɗan fosfet ɗin shi ke sauya halin furotin da aka liƙa wa, ko ya tashi aiki ko ya kwanta. Jikin ɗan Adam yana da kaines sama da 500, CDK kuwa wajen 20 ne a cikinsu, kuma kaɗan daga ciki ne ke tuƙa rabuwar ƙwaya kai tsaye. Yawan CDK a cikin ƙwaya ba ya sauyawa sosai daga zango zuwa zango. Abin da ke hawa da sauka shi ne abokin aikinsa, saikilin. Kamar keken ɗinki ne da ke zaune a shago kullum, amma allura ba za ta motsa ba sai an ɗaura masa bel; idan aka cire bel ɗin kuma, komai takawar da tela zai yi, zare ba zai shiga yadi ba.

An gano wannan ne ta hanyoyi da ba su yi kama da juna ba. A 1971 Yoshio Masui da Clement Markert suka nuna cewa akwai wani abu a cikin ƙwan kwaɗo da ya nuna, wanda idan aka tsotso aka zuba wa ƙwan da bai nuna ba, sai shi ma ya kama hanyar rabuwa. Lee Hartwell, a farkon shekarun 1970, ya tace yis ɗin burodi ya gano ƙwayar gadon CDC28. Paul Nurse ya yi irin wannan da wani nau'in yis ɗin daban ya samo cdc2, sannan a 1987 shi da Melanie Lee suka ɗauko takwaransa na ɗan Adam suka saka a yis ɗin da nasa ya lalace, ya kuwa warke ya ci gaba da rabuwa. Wannan shi ake kira CDK1 yau. Tim Hunt kuma a 1982, a Woods Hole ta Amurka, yana aiki da ƙwan bushiyar teku ya lura da wani furotin da ke taruwa sannan ya ɓace duk lokacin da ƙwayar ta rabu, ya raɗa masa suna saikilin. Hartwell da Nurse da Hunt sun karɓi kyautar Nobel a 2001.

Me ya sa CDK2 za mu duba alhali CDK1 ne uban tafiya? An nuna a 2003 cewa ɓeran da aka cire wa CDK2 yana rayuwa, haihuwa ce kawai ba ya yi, shi kuwa CDK1 babu rayuwa in babu shi. Dalilin shi ne CDK2 aka fara samun surarsa, tun 1993, kuma shi aka kama a kowane hali: a kwance, a rabin farke, a farke, da kuma a ɗaure. Jerin amino asid ɗinsu ya yi kama ƙwarai, saboda haka abin da ka gani a wannan ya shafi wancan.

Mataki na 2: Kayan aiki

Kana bukatar kwamfuta, ko da ba sabuwa ba ce, da linzami mai maɓalli da ɗan gare-garen tsakiya, domin juya furotin da yatsa a kan faifan laftof wahala ce. Sauke manhajar ChimeraX daga shafin Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko. Kyauta ce ga ɗalibai da masu bincike. Siffofin kuma suna rumbun Protein Data Bank, a rcsb.org. An kafa rumbun a 1971 da siffofi 7, yau sun haura 200,000, kowacce da lambarta mai harafi huɗu.

In waya kaɗai gare ka, shiga rcsb.org, rubuta lambar a akwatin nema, ka buɗe hoton da ake juyawa. Za ka iya kallo da juyawa, amma aune-aunen da ke ƙasa sun fi sauƙi a kwamfuta. Ɗalibai uku ko huɗu na iya haɗuwa a kan guda ɗaya, kuma hakan ya fi, don gardamar da za ku yi a kan abin da kuke gani ita ce rabin karatun.

Mataki na 3: Buɗe siffofi biyar a lokaci guda

A ƙasan tagar ChimeraX akwai layin da ake rubuta umarni. Rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana danna Enter, kuma ka bi wannan jerin daidai:

open 1hck
open 1fin
open 1jst
open 1qmz
open 1jsu

Na farko CDK2 ne shi kaɗai da ATP. Na biyu ya haɗu da saikilin A. Na uku yana da saikilin A kuma an liƙa masa fosfet. Na huɗu yana riƙe da guntun furotin da zai yi wa aiki. Na biyar an ɗaure shi da p27, furotin da ke taka masa birki. Manhajar za ta ba su lamba #1 zuwa #5. Dalilin buɗe su tun farko shi ne, duk lokacin da ka yi awo manhajar tana ba awon tasa lambar, in ka buɗe wani fayil daga baya sai lambobin su goce, umarnin da ke nan ya daina dacewa da abin da ke gabanka. Ga kuma ribar data: da zarar sun sauka, ba ka bukatar intanet sai a mataki na 8.

Wasu fayilolin suna ɗauke da kwafi biyu na abu ɗaya, domin a haka suka jeru a cikin kiristal ɗin furotin da aka haska da eksire. Cire na biyun, ka jera kowa a kan na farko, ka ɓoye sauran:

delete #2,3/C,D
delete #4/C,D,F
matchmaker #2-5/A to #1/A
hide solvent
hide #2-5 models
set bgColor white
save cdk2.cxs

Umarnin ƙarshe ajiya ce. Idan aka ɗauke wuta, daga nan za ka ci gaba.

Mataki na 4: Karanta jikin CDK2 yana kwance

Yanzu 1HCK ne kaɗai a allo. Sarƙa ce guda mai amino asid 298, ta naɗe ta zama ɓari biyu. Yi musu launi:

color #1:1-82 gold
color #1:83-298 gray

Ɓarin sama ƙarami ne, yawancinsa faffaɗan zare ne da ke kwance gefe da gefe, ana zana su da kibiya. Ɓarin ƙasa babba ne, cike da murɗaɗɗun sassa. A tsakaninsu akwai tsaga, ATP na zaune a ciki da magniziyam a gefensa. Juya shi har tsagar ta fuskance ka. Idan ka ga layin ɗigo-ɗigo a wani wuri, ba kuskure ba ne: sashen yana yawan motsi ne har hasken eksire bai iya kama shi ba.

Duba yadda ATP ya maƙale:

hbonds #1:ATP reveal true

Za ka ga kan ATP ɗin, wato adenin, yana riƙe da ƙashin bayan sarƙar a Glu81 da Leu83 (sunan amino asid a taƙaice da lambarsa a sarƙar). Wannan wurin shi ne mahaɗar ɓarin sama da na ƙasa. Ka riƙe shi a ranka, za mu dawo kansa a batun magani.

To ga tambayar da ya kamata ta tsaya maka: inzayim ɗin ga shi cikakke, ga ATP a aljihunsa, me ya hana shi aiki? Amsar tana gaɓoɓi biyu. Fito da su:

color #1:45-57 red
color #1:145-172 green
show #1:33,51,145,160 atoms
label #1:33,51,145,160

Jan shi ne murɗen da ake kira PSTAIRE, daga haruffan amino asid bakwai na lamba 45 zuwa 51. Koren shi ne madaukin T, wanda ya fara daga Asp145 kuma yake ɗauke da Thr160 a tsakiyarsa. A kowane kaines mai aiki, dole laisin guda ya kama gulutamet guda, su biyun su daidaita fosfet ɗin ATP yadda za a iya yanke na ƙarshe. A CDK2 su ne Lys33 da Glu51. Auna tazararsu:

distance #1:33@NZ #1:51@OE1
distance #1:33@NZ #1:51@OE2

Ɗauki ƙaramin adadin ka rubuta a littafinka. Awon yana fitowa da angistiron, kashi ɗaya cikin biliyan goma na mita. Ƙa'idar ita ce, sai tazarar ta gaza 4 ake cewa sun kama juna. A nan za ka tarar ta wuce haka nesa, kuma idan ka lura, Glu51 ya juya baya ga aljihun gaba ɗaya yana kallon waje. Dalilin yana farkon koren madaukin: akwai wani ɗan gajeren murɗe a wurin da ya tokare jan murɗen, ya hana shi matsowa ciki.

Ciwo na biyu kuma, sauran madaukin ya kwanta a bakin tsagar, daidai inda furotin da za a yi wa aiki zai zauna. Rubuta surface #1/A ka kalli tsagar daga gaba, za ka ga ƙofar a cushe. Sai ka rubuta hide surfaces ka koma yadda kake. Wato kulle biyu ne: kayan aikin ciki ba su jeru ba, hanyar shiga kuma a toshe.

Mataki na 5: Shigo da saikilin

Wannan shi ne matakin da ya fi cancantar ka ba shi lokaci. Ɗakin binciken Nikola Pavletich a Niyok ne ya fitar da wannan siffar a 1995.

show #2 models
color #2/A white
color #2/B cyan
color #2/A:45-57 magenta
color #2/A:145-172 blue
show #2/A:33,51,145,160 atoms

Shuɗin mai haske saikilin A ne. Ba dukansa ba ne, an yanke farkonsa, daga 173 zuwa 432 ne ake gani, kuma wannan sashen shi ke kama CDK. Dubi inda ya rungumo: gefen ɓarin sama, daidai kan murɗen PSTAIRE, da kuma madaukin T. Ko kusa da ATP bai je ba. Wannan abin lura ne, domin ɗalibai da yawa suna zaton saikilin yana taɓa wurin aikin ne. A'a, daga gefe yake turowa.

Yanzu kwatanta ja da shunayya, wato murɗe ɗaya a hali biyu. Saikilin ya tura shi ciki ya kuma juya shi. Maimaita awon:

distance #2/A:33@NZ #2/A:51@OE1
distance #2/A:33@NZ #2/A:51@OE2

Adadin ya faɗo. Glu51 ya shigo aljihu ya kama Lys33. Rubuta shi kusa da na farko. Waɗannan lambobi biyu da ka auna da hannunka su ne ma'anar jimlar nan da ake rubutawa a allo cewa saikilin yana kunna CDK.

Sannan kwatanta kore da shuɗi. Ɗan murɗen nan da ya tokare hanya ya warware ya miƙe, shi ya ba PSTAIRE damar matsowa. Madaukin kuma ya tashi daga bakin tsagar ya koma ya jingina da saikilin. Nemi Thr160 a hali biyun: da yana lulluɓe, yanzu ya fito fili inda wani inzayim zai iya kaiwa gare shi. In kana son sanin nisan tafiyar da ya yi:

distance #1:160@CA #2/A:160@CA

Ka riƙa ɓoye ɗaya kana fito da ɗaya, da hide #1 models da show #1 models, har idonka ya saba da motsin. Kada ka wuce nan sai ka iya nuna wa abokinka gaɓoɓin biyu ba tare da launi ba.

Mataki na 6: Fosfet ɗin da ke kammala aiki

Da saikilin kaɗai CDK2 ya farka, amma aikinsa kaɗan ne. Akwai wani kaines mai suna CAK, wanda a jikinmu shi ma CDK ne, CDK7 tare da saikilin H da MAT1. Shi ke liƙa fosfet a kan Thr160.

hide #1,2 models
show #3 models
show #3/A:50,126,150,160 atoms
label #3/A:50,126,150,160
color #3 byhetero

A wannan fayil za ka ga an rubuta TPO a lamba 160, wato tireyonin mai fosfet. Dubi abin da ya kewaye shi: arjinin uku, Arg50 da Arg126 da Arg150. Fosfet yana da cajin ragi, arjinin na da cajin ƙari, sai suka taru a kansa. Abin sha'awar shi ne inda kowannensu ya fito. Arg50 yana kan murɗen PSTAIRE, maƙwabcin Glu51. Arg126 yana manne da Asp127, wanda ke karɓar haidurojin daga furotin da ake yi wa aiki. Arg150 kuma yana kan madaukin T ɗin kansa. Fosfet guda ya ɗinke sassa uku na inzayim ɗin wuri ɗaya, madaukin ya daina lilo.

Ribar hakan tana #4. Ɓoye #3, fito da #4, ka rubuta show #4/E atoms. Guntun furotin ne mai amino asid bakwai, HHASPRK, kwance a kan madaukin T. CDK ba ya liƙa fosfet ko'ina. Yana neman serin ko tireyonin da furolin ke bi masa nan take, kuma ya fi so a samu laisin ko arjinin a wuri na uku bayan serin ko tireyonin ɗin. Nemi serin ɗin, za ka gan shi yana fuskantar fosfet na ƙarshe na ATP. Nemi laisin ɗin ƙarshe, za ka gan shi ya miƙa hannu zuwa fosfet ɗin Thr160. Madaukin da ya toshe ƙofa a mataki na huɗu shi ne yanzu shimfiɗar da ake zama a kai.

Mataki na 7: Birki

Ƙwayar da ke rabuwa ba tare da birki ba ita ce mafarin ciwon daji, saboda haka hanyoyin kashewa sun fi na kunnawa yawa.

Na farko fosfet ne shi ma, amma a wani wuri. Ɓoye #4, fito da #3, ka rubuta show #3/A:14,15 atoms. Thr14 da Tyr15 suna kan wani ɗan madauki da ya yi wa fosfet ɗin ATP rumfa. Inzayim Wee1 yana liƙa fosfet a Tyr15, Myt1 kuma yana iya liƙawa a duka biyun. Kalli kusancinsu da wurin aiki za ka gane dalilin da ya sa caji a nan ke ɓata komai, ko da saikilin na nan kuma Thr160 na da nasa fosfet ɗin. Masu cire wannan fosfet su ne inzayim na dangin Cdc25. A ƙarshen G2, zangon da ke zuwa kafin M, ƙwaya tana tara CDK1 da saikilin B masu yawa, duk a shirye amma a daƙile da wannan fosfet. Da Cdc25 ya saki kaɗan daga ciki, su kuma sai su ƙara wa Cdc25 ƙarfi su danne Wee1, nan da nan sauran su tashi gaba ɗaya. Shi ya sa shiga zangon M ba a yin sa da kaɗan-kaɗan. Idan kuma DNA ya samu rauni, kaines ɗin Chk1 yana daƙile Cdc25, ƙwayar ta tsaya har a yi gyara. Nurse ya ga wannan tun a yis: wanda Wee1 ɗinsa ya lalace yana rabuwa tun yana ƙarami, wanda Cdc25 ɗinsa ya lalace kuwa sai ya yi ta tsawo ba ya rabuwa.

Na biyu furotin ne sukutum. Ɓoye sauran ka fito da #5:

color #5/A white
color #5/B cyan
color #5/C red
show #5/C:88 atoms

Jan shi ne p27, kuma wannan siffar ta 1996 tana cikin waɗanda na fi so a nuna wa ɗalibi. Bi shi daga farkonsa. Ya fara da kama wani kwari a bayan saikilin, inda furotin da za a yi wa aiki kan fara sauka da alamarsu ta amino asid uku mai suna RXL, ya tare wurin. Ya miƙe ya haye kan ɓarin saman CDK2 ya tarwatsa gefen faffaɗan zaren. Daga ƙarshe ya cusa Tyr88 cikin aljihun. Fito da #3 a kansa na ɗan lokaci: zoben Tyr88 yana zaune inda adenin ɗin ATP yake zama. Babu ATP a wannan fayil domin babu masa wuri. Ɗan'uwansa p21 haka yake aiki, kuma shi ne furotin p53, mai gadin DNA, ke sa a ƙera idan DNA ya lalace. Akwai wani dangin daban, su p16, da ke kama CDK4 da CDK6 kaɗai.

Na uku ba za ka gan shi a waɗannan fayiloli ba, amma in babu shi labarin bai cika ba: lalata saikilin ɗin kansa. A tsakiyar zangon M, bayan kowane kuromosom ya kamu da zaren da zai ja shi, wani ƙaton inzayim mai suna APC/C yana rataya wa saikilin B da sekurin, furotin da ke daƙile inzayim separes, tambarin yubikwitin, alamar abin da za a niƙa, injin niƙa furotin na ƙwaya ya haɗiye su. Da sekurin ya tafi, separes ya samu 'yanci ya yanke kohesin da ke ɗaure da tagwayen kuromosom, su rabu. Da saikilin B ya tafi, PSTAIRE na CDK1 ya koma waje kamar yadda ka gani a #1, ƙwayar ta fita daga M. Ɓacewar da Hunt ya gani a 1982 ke nan. Fosfet ana liƙawa a cire, amma furotin da aka niƙa ba ya dawowa, wannan ne ke hana zagayen komawa da baya.

Mataki na 8: Daga aljihu zuwa magani

A zangon G1, CDK4 da CDK6 tare da saikilin D suna liƙa fosfet a kan furotin Rb, CDK2 da saikilin E su ƙarasa, Rb ya saki furotin E2F da yake riƙe da shi, shi kuma ya buɗe ƙwayoyin gadon da ake bukata don kwafar DNA. A cututtukan daji da yawa wannan hanyar ce ke lalacewa: ko p16 ya ɓace, ko saikilin D ya yi yawa, ko Rb ɗin ya mutu. A 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da palbociclib don wani nau'in sankarar mama, ribociclib da abemaciclib suka biyo baya a 2017. Dukansu CDK4 da CDK6 suke kamawa.

Je rcsb.org ka rubuta CDK6 palbociclib, ka ɗauki lambar siffar da ta fito, ka buɗe ta. Duba jerin da ke gefen taga ka ga lambar da aka ba ta, sannan ka jera ta a kan #3 da matchmaker kamar yadda ka yi a baya. Maganin yana zaune a mazaunin adenin, yana riƙe da mahaɗar nan da ka gani a mataki na huɗu. Dabarar p27 ce aka yi da ƙaramin sinadari. Nan kuma za ka gane wahalar aikin: kaines sama da 500 duk suna da aljihu mai kama da wannan, saboda duk ATP suke ci. Magungunan farko da aka gwada sun kama CDK da yawa a lokaci guda, illarsu ta yi yawa. Gwanintar tana wajen nemo amino asid ɗaya ko biyu a gefen aljihun da suka bambanta. Ko waɗannan da suka yi nasara suna rage fararen ƙwayoyin jini, tunda ɓargo ma rabuwa yake yi kullum, shi ya sa likita ke bin mai shan su da gwajin jini.

Mataki na 9: Gwada kanka da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro

Ƙwayar cutar maleriya ita ma tana rabuwa, a hanta da cikin jan jini, kuma tana da nata dangin CDK. Ɗaya daga ciki shi ne PfPK5, wanda aka fitar da siffarsa a 2003. Nemo shi a rumbun da wannan sunan, ka buɗe, ka jera shi a kan #1. Wannan karon babu mai ba ka lambobi. Buɗe jerin amino asid ɗinsa da umarnin sequence chain tare da lambar fayil ɗin da harafin sarƙar, ka nemo da kanka inda murɗen da ya yi daidai da PSTAIRE yake, da laisin da gulutamet ɗin da ya kamata su kama juna, da DFG, haruffan amino asid uku da madaukin T ke farawa da su (D ɗin shi ne Asp145 a CDK2). Lambobin za su goce da ɗaya ko biyu, kuma harafi na iya sauyawa a cikin murɗen, saboda haka ka bi siffa, kada ka bi lamba. Auna tazarar laisin da gulutamet, ka yanke hukunci ko a kwance aka kama shi ko a farke.

Daga nan sai ka zagaya bakin aljihun ATP, amino asid bayan amino asid, kana rubuta inda na ƙwayar cutar ya saɓa da na mutum a shafi biyu na littafinka. Duk wanda ke son ƙera maganin da zai tsayar da rabuwar ƙwayar cutar ba tare da ya taɓa ta majiyyaci ba, daga irin wannan jerin yake farawa. Ajiye hoton kowane mataki da save mataki9.png supersample 3, kana sauya sunan, ka rubuta lambar fayil da awon da ka samu a ƙarƙashin kowanne, kuma ka tuna ka ambaci cewa kowace siffa hali ɗaya ne da aka daskarar a kiristal, saikilin ɗin ciki ma guntu ne, domin malamin da zai duba aikinka zai tambaye ka wannan.